Ƙwallon raga a bakin teku cikin tsofaffin littattafan Archie: wasa ne ko uzuri?

Nura:
Assalamu alaikum. Tun ranar da Anti Rabi ta buɗe akwatinta ta ba ni aron tsofaffin littattafan Archie nake ta jujjuya su, kuma ina so in faɗi wata magana da na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Ga wanda bai san su ba, littattafan zanen barkwanci ne na Amurka, masu ba da labarin 'yan sakandaren wani ƙirƙirarren gari mai suna Riverdale, inda wani saurayi mai jan gashi, Archie, ya kasa zaɓar ɗaya tsakanin Betty, 'yar masu rufin asiri, da Veronica, 'yar hamshaƙin attajiri. Duk lokacin da zafi ya shigo sai a kwashe su a kai bakin teku, har kamfanin ya fara yi wa 'yan matan biyu wata fitowa ta musamman saboda hutun bazara a farkon shekarun 1960, kuma sau da yawa za ka ga an kafa raga a kan rairayi ana buga ƙwallo. Ra'ayina shi ne wannan wasan uzuri ne kawai. An saka shi ne don mai zane ya sami dalilin sanya 'yan matan cikin kayan ninƙaya a bangon littafi, kuma don a sake haɗa su rigima a kan namiji ɗaya. Hujjata ita ce, a duk waɗanda na karanta ban ga wasa ko ɗaya da aka ƙirga maki har aka kai ƙarshe aka ce ga wanda ya ci ba. Wasan da ba a damu da sanin wanda ya ci ba kuwa, ai ba dominsa aka taru ba.

Kawu Sale:
Wa alaikumus salam. Nura, kana auna zanen kakanni da mudun jikoki. Wasan da ke cikin kanka shi ne wanda kake gani a talabijin: mutum biyu nan, biyu can, fili mai tsawon mita 16 da faɗin mita 8, ana neman maki 21, ana sauya gefe duk bayan maki bakwai saboda kada iska da rana su cuci ɓangare ɗaya. Wasan mutum biyu-biyun bai kai ga idon duniya sosai ba sai da aka shigar da wasan cikin gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, lokacin kuwa Archie ya haura shekara hamsin yana fitowa.

Asalin ƙwallon raga wani malamin motsa jiki ne, William G. Morgan, ya ƙirƙiro ta a garin Holyoke na jihar Massachusetts a 1895, kuma ya yi ta ne don manyan mutane waɗanda ƙwallon kwando ta yi wa tsanani. Da ta sauka kan rairayi a Waikiki ta Hawai wajen 1915, sannan a Santa Monica ta Kalifoniya cikin shekarun 1920, wasan taro ce, iyalai suna shiga shida-shida ko duk yawan da aka samu. Wasan mutum biyu ya ɓullo a Santa Monica wajen 1930, amma ya daɗe yana abin wasu tsirarun gwanaye na gaɓar Kalifoniya. Saboda haka abin da yaron Amurka na 1955 ya sani shi ne a kafa sanda biyu, a ɗaura raga, kowa ya shigo, babu alƙali babu usur. Mai zanen da ya zana haka bai yi wa wasan ƙarya ba.

Na koyar da wasanni fiye da shekara talatin, kuma da rani nakan kai ɗalibaina cikin busasshen rafi mu kafa raga a kan yashi don ƙafafunsu su yi ƙwari. Yashi yana cinye tsalle. Yaron da yake tashi kamar barewa a kan siminti sai ka ga ya yunƙura ƙafarsa ta nutse, ƙwallon ta wuce ta kansa, 'yan uwansa su kwashe da dariya. A irin waɗannan ranakun babu mai riƙe lissafi, amma wallahi kafin mu koma makaranta kowa ya san wanda aka wulaƙanta, kuma za a yi mako guda ana yi masa tsiya a ɗakin cin abinci. Rashin ƙirga maki bai taɓa hana gasa zama gasa ba.

Anti Rabi:
Yaya Sale ya amsa ta fuskar wasa, ni kuma zan amsa ta fuskar wadda ta karanta su tana yarinya. Waɗannan ƙananan masu kauri da ke hannunka, Nura, irin waɗanda kamfanin ya fara bugawa ne a 1973, yana tattara tsofaffin labarai yana sake fitar da su, shi ya sa za ka ga zanen shekarun 1950 yana maƙwabtaka da na 1970 a littafi ɗaya. Mu a makarantar kwana cikin shekarun 1980 na gwanjo muke samu, wani ma babu shafin farko, kuma littafi ɗaya yakan zagaye ɗaki mai gado ashirin kafin ya dawo wa mai shi. Ɗakinmu ya rabu biyu, 'yan Betty da 'yan Veronica, har gaba aka taɓa yi ta kwana uku a kan haka. Abin da nake so ka lura da shi shi ne ban tuna ko mutum ɗaya da ta damu da Archie ba. Mun ɗauke shi sakarai ne wanda motarsa kullum take mutuwa a hanya.

Abin da muke kallo shi ne 'yar mai kuɗi da 'yar da ba ta da shi. Veronica takan iso bakin teku da laima da kwandon abinci da mai yi mata hidima, mahaifinta yana da jirgin ruwan shaƙatawa, Betty kuwa ita ke ɗinka kayanta, ita ke dafa abin da za ta kawo, har gyaran mota ta iya. A kanti, a wurin rawa, a wajen biki, ko'ina kuɗin gidan su Veronica ne ke magana. Wuri ɗaya da dukiyar uba ba ta da ta cewa shi ne gaban raga, domin ƙwallo ba ta tambayar 'yar wace ce ke kafin ta faɗi a gabanki. Mu da muke zuwa makaranta da garin rogo da ƙuli-ƙuli muna kwana kusa da masu zuwa da kwalin madara da biskit, ba sai an fassara mana wannan ba.

Baffa Iliya:
Ni ban karanta su ba, na dai leƙa guda biyu da Nura ya bari a shagona, kuma ina ganin kuna wahalar da kanku. Mata biyu, namiji ɗaya, kowace tana neman ta nuna ta fi 'yar uwarta iya ado da iya tafiya: wannan kishi ne irin wanda muka sani, sai dai an fara shi tun kafin a ɗaura aure. Da a ce an cire ragar an sa tukunya da murhu, da labarin bai canja ba ko kaɗan. Saboda haka ina bayan Nura, wasan ba shi ne ya tara su ba.

Yaya Hadiza:
Baffa, Allah ya ƙara girma, biri ya yi kama da mutum, amma ina roƙon a duba bambancin. Kishiyoyi aure ne ya haɗa su ba zaɓinsu ba, kuma akwai abubuwa masu nauyi a tsakaninsu: rabon kwana, tarbiyyar 'ya'ya, gado. Betty da Veronica ƙawaye ne na ƙut da ƙut waɗanda suke kwana a gidan juna, suke zuwa kanti tare, kuma sau da yawa idan Archie ya yi wa su biyun alƙawari a rana ɗaya sai su haɗa kai su koya masa hankali. Shi kansa ba shi da iko a kan kowace, ba shi da ko sisin da zai saya wa Veronica abin sha sai ya ci bashi. Tun 1950 aka ba su littafi nasu na kansu, kuma akwai labarai da yawa a cikinsa da Archie ɗan rakiya ne kawai.

Sai in dawo kan hujjar Nura, wadda nake ganin gaskiya ce, amma ba abin da yake zato take tabbatarwa ba. Archie da Betty sun fara fitowa a mujallar Pep Comics lamba ta 22 a watan Disamba na 1941, da zanen Bob Montana, Veronica kuma ta shigo a lamba ta 26 a watan Afrilun 1942. Daga nan aka shafe shekaru aru-aru, in an yarda in yi ƙari, ana ba da labarai masu shafi biyar ko shida, kowane yana farawa daga inda na baya ya fara, babu mai ƙara shekaru, babu mai gama makaranta, babu mai tuna abin da ya faru a watan jiya. Marubuci ɗaya kawai, Frank Doyle, ya rubuta dubban irin waɗannan. To, labarin da aka gina shi a kan cewa kada a taɓa raba gardama, yaya za a yi ya yarda a buga wasa har a kai maki na ƙarshe? Ranar da aka rubuta a allo cewa Betty ta ci, an ba mai karatu abin da zai riƙe ya ce an gama, kuma watan gobe babu abin sayarwa. Dole ne wani abu ya katse wasan tun yana tsakiya, ko ƙwallo ta bugi wani, ko raga ta faɗi, ko igiyar ruwa ta taso. Haka ake yi da gasar girki da zaɓen shugabar ɗalibai da duk wata takara a littattafan: ko an ce wata ta ci, akwatin zane na ƙarshe zai ƙwace mata daɗin nasarar. Idan rashin sakamako shi ne ke mayar da abu uzuri, to Riverdale gaba ɗayanta uzuri ce.

Nura:
Yaya Hadiza, na karɓi wannan, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Bari in kawo mutumin da ya ba 'yan matan nan kamannin da duk muka sani, wato Dan DeCarlo, wanda aka haifa a 1919 ya rasu a 2001. Daga ƙarshen shekarun 1950 salonsa ne ya zama salon gidan, har sauran masu zane suna kwaikwayonsa. Kafin nan kuma, da ma a gefe guda, ya yi wa wasu mujallun barkwanci na manya zanen kyawawan mata, kuma a wannan fannin ya yi suna. Hannun da ya saba da wancan aiki ba zai manta ba don an canja masa ma'aikata.

Ku haɗa wannan da dokar tace littattafan zane da masu buga su suka kafa wa kansu a 1954, bayan hayaniyar da aka yi a Amurka cewa littattafan suna lalata yara, har Majalisar Dattawa ta yi zama a kai. Dokar ta hana tsiraici da bayyana jiki fiye da kima, ta kuma ce a zana mata yadda suke ba tare da zuzuta surarsu ba. John Goldwater, ɗaya daga cikin masu kamfanin Archie, shi ne ya shugabanci ƙungiyar da ke riƙe da wannan doka na shekaru masu yawa. Kamfanin da shugabansa ke riƙe da bulala ba zai yarda a kama shi da laifi ba, saboda haka sai ya nemi wurin da ƙarancin tufafi ba laifi ba ne. Bakin teku ne wurin, wasan kuma shi ne shaidar cewa lafiyar jiki ake nunawa. Ku kuma rufe gashin Betty da na Veronica da yatsa a zanen DeCarlo ku gani: fuska ɗaya ce, jiki ɗaya ne, launin gashi kawai ya raba su. Wace irin hamayya ce tsakanin mutum da hotonsa?

Kawu Sale:
A kan bangon littafi ba zan yi maka musu ba, ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma ni ma na ga abin da ka gani. Sai dai ka yi maganar hamayya kamar 'yan mata ne kaɗai a bakin tekun. Ina ka baro Reggie? Tun 1942 yake nan yana neman ya kunyata Archie a gaban jama'a, kuma babu wurin da ya fi masa daɗin yin haka kamar filin wasa, inda zai buga ƙirji ya ce a ba shi sabis, wato bugun fara wasa. Ga kuma Moose, ƙaton da ba ya son kowa ya kalli budurwarsa Midge, wanda Reggie ya kasa daina tsokana duk da dukan da yake sha. In ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban raga wani ƙato ya tashi zai yi simash, wato ya doko ƙwallo ƙasa da ƙarfi, ya san wannan ɗan lokacin da zuciya take cewa ka tare, ƙafa kuma take cewa ka kauce, kuma a kan wannan lokacin aka gina rabin dariyar samarin. Jughead, aminin Archie, yana can kwance a inuwa da abinci a hannu yana kallon kowa kamar mahaukata. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da alaƙa da kayan ninƙayar kowa.

Akwai kuma abin da bai kamata a raina ba. A shekarar karatu ta 1971 zuwa 1972, 'yan matan sakandaren Amurka da ke cikin ƙungiyoyin wasannin makaranta ba su kai 300,000 ba, alhali samari sun haura miliyan uku da rabi. Sai a 1972 aka kafa dokar da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, daga nan adadin ya yi ta hawa. A irin wancan zamani, yarinya ta buɗe littafi ta ga Betty ta fi saurayin da take so iya buga ƙwallo ba ƙaramin abu ba ne. Na sha fama da iyayen da ba sa son 'ya'yansu mata su fito fili, kuma na san yadda hoto ɗaya yake iya sa yarinya ta zo ta ce, Malam, ni ma a sa ni.

Anti Rabi:
Nura, ɗana, ba zan ɓoye maka ba, mu ma bangon yana ba mu kunya. Abu na farko da muke yi idan sabon littafi ya shigo ɗaki shi ne mu naɗe shi da takardar tsohuwar kalanda mu manna da ƙullin gari, domin idan mai kula da ɗakin kwana ta ga hoton bakin teku ba ta tambayar abin da ke ciki, ƙwacewa take yi. Wanda ke hannunka mai tambarin wata na Agusta a baya ni na naɗe shi da hannuna. Saboda haka a nan ka yi gaskiya.

Amma tambayar da ba ka yi ba ita ce, wa ke saye? Littafin Betty da Veronica yawanci 'yan mata ne ke karanta shi, kuma ƙananan nan masu kauri a kusa da wurin biyan kuɗi na manyan kantuna ake jera su a Amurka, inda uwa za ta ɗauka wa 'yarta. Shi ya sa ake cusa shafukan ado a tsakanin labarai, har masu karatu suna aiko da zanen tufafin da suka ƙirƙira a buga da sunansu. Yarinyar da ke kallon waɗannan shafuka yayi take dubawa, kamar yadda muke duba ɗinkin amarya a wurin biki. Na san wata a ɗakinmu da ta kwafi wuyan wata rigar Veronica a takarda ta kai wa tela a hutu, ya ɗinka mata da atamfa. Ban ce abin da ka faɗa a kan mai zanen babu shi ba, na ce dai abin da hannu ya zana da abin da ido ya ɗauka ba lallai su zama ɗaya ba.

Yaya Hadiza:
Maganar fuska ɗaya da Nura ya kawo ta daɗe ana yin ta, kuma ni a wurina ita ce ta sa ragar ta zama dole. Idan mai zane ya ba mutum biyu kama ɗaya, ba shi da hanyar bambanta su sai ta abin da suke aikatawa. A sa su a gefe biyu na raga, a jefa ƙwallo, nan take hali zai fito: ɗaya za ta yi sufa cikin yashi ta tare, ɗaya kuma za ta tsaya tana tsoron kada farcenta ya karye, ko ta yi murmushi wani saurayi ya buga mata. Ba a buƙatar kalma ko ɗaya.

Zargin da Nura yake yi wa littattafan kuwa, shi ma ainihin wasan bai tsira daga gare shi ba. Hukumar ƙwallon raga ta duniya ta daɗe tana taƙaita kayan 'yan wasa mata na bakin teku ga irin kayan ninƙaya, in ba ana sanyi ba, sai a 2012 ta yarda da gajeren wando da riga mai hannu. Bayan shekara huɗu, a Olamfik ta Rio, Doaa Elghobashy ta Masar ta buga da hijabi da dogon wando. Babu wanda zai ce 'yan Birazil Jackie Silva da Sandra Pires da suka ci zinare a 1996 ba wasa suka yi ba don kawai masu kyamara suna da wata manufa. Abu biyun suna iya zama a fili ɗaya.

Abin da ya fi damuna a littattafan daban ne, kuma na yi mamaki da babu wanda ya taɓo shi. Sau da yawa Betty ita ce gwana, amma gwanintar ba ta kai ta ko'ina. Tana can tana zufa a gaban raga, Veronica ta yi kamar ta gurɗe ƙafa, Archie ya ruga ya tallafe ta, su bar Betty da ƙwallo a hannu. Yarinyar da ta karanta irin wannan sau ɗari, wane darasi za ta ɗauka game da iyawa da kuma dabara? Ko da kamfanin ya tashi yin auren a 2009, daga fitowa ta 600, sai ya aura wa Archie Veronica a fitowa uku, ya dawo ya aura masa Betty a uku na gaba, duka biyun a matsayin hasashen abin da zai iya faruwa. Shekara 68 bayan farawa, har a lokacin ba a yarda a rubuta maki a allo ba.

Baffa Iliya:
Hadiza, na janye maganar kishiya, tunda kin ce har kwana suke yi a gidan juna, wannan kam ban taɓa jin irinsa ba. Amma a matsayina na mai shago ina gaya muku bango talla ne. Littafin da ake sayarwa sent 10, daga baya 12 a farkon shekarun 1960, yana jere da wasu hamsin a kan kanta, ba shi da lokacin yin bayani, dole ya kama ido kafin yaro ya wuce. Ni ma atamfar da ta fi ɗaukar ido nake ratayewa a ƙofa, ba wadda ta fi inganci ba. Kada ku yi wa abin da ke ciki hukunci da abin da aka rataye a ƙofa, kada kuma ku ce wanda ya rataya bai san abin da yake yi ba.

Nura:
Baffa ya raba mini abin da na cakuɗa. Zan rage maganata, amma ba zan janye ta duka ba. A kan bango ina nan a kan bakana, uzuri ne, kuma dokar 1954 da tarihin DeCarlo sun ishe ni hujja. A cikin labari kuwa na yarda wasan yana aiki, kuma da na zauna jiya na gwada zana irin shafin da kaina sai na gane dalili ta hanyar da ban zata ba. Na fara da su zaune a kan tabarma suna cacar baki, sai na ga akwati shida duk kawuna ne da magana, babu abin da ke motsi. Da na ja layin raga a tsakiya, shafin ya rabu biyu da kansa, ido ya san ɓangaren kowa tun kafin ya karanta harafi. Ƙwallon kuma ita ke jan idon mai karatu daga hagu zuwa dama, daga wannan akwati zuwa na gaba, kuma tana sama tana jiran wanda za ta faɗo wa, wato an riga an ɗana tarkon dariyar ƙarshe tun daga akwatin farko. Wasan ninƙaya ba zai ba ka haka ba domin rabin jiki yana cikin ruwa, tsere kuma kowa gefe ɗaya yake kallo, ba a fuskantar juna.

Inda har yanzu ban gamsu ba shi ne maganar Kawu cewa wannan ya ƙarfafa wa 'yan mata gwiwar shiga fili. Idan abin da Yaya Hadiza ta faɗa gaskiya ne, cewa mai iyawa ita ake bari da ƙwallo a hannu, to littafin da hannun dama yake ba da ƙwarin gwiwa, da hagu kuma yana karɓewa.

Kawu Sale:
Ba ya karɓewa duka, domin yarinya ba ta karanta labari don ta koyi wanda Archie ya bi, Rabi ta riga ta gaya maka ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Abin da ke zama a ƙwaƙwalwa shi ne hoton wadda ta tashi sama ta doke ƙwallo. Kuma tunda ka fara zanawa, ga gyara ɗaya daga tsohon malamin wasa. Ragar mata a gasa tsayinta mita 2.24 ne, ta maza 2.43, wato ko dogon mutum sai ya ɗaga hannu kafin ya kai samanta. Idan ka sauko da ita daidai kafaɗa don fuskoki su fito, ka zana ragar badminton, kuma duk wanda ya taɓa buga wasan zai gane a kallo ɗaya. Ka bar ta a sama, ka zana fuskokin ta cikin ramukan ragar, ka kuma nutsar da ƙafar mai tsalle cikin yashi har idon sawu. Idan ka gama ka kawo mini shafin ranar Juma'a bayan masallaci in duba, ka haɗo da littafin nan mai bangon kalanda, ina so in ga yadda shi DeCarlo ya yi da tasa ragar.